Filin Tambaya da Amsa: Iskar taya a filin tsere da a kan titi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Golf mai taya 225/45 R17. Abokai sun gayyace ni ranar gwajin gudu a wani rufaffen fili mai kwalta, inda ake barin masu motar gida su zagaya. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ta ce 33. Mai facin da nake zuwa wurinsa ya ce in sa 45 tunda gudu zan yi, wani abokina kuma ya ce in sauke zuwa 25 don taya ta kama ƙasa. Wanne zan bi? Ɗalibi, Samaru.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duk lambobin nan uku na taya mai sanyi ne, alhali a filin tsere lambar da ake bi ita ce wadda geji ya nuna bayan taya ta ɗau zafi.

Iska tana buɗewa idan ta ji zafi. Duk ƙarin digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyos yana ƙara wa taya kusan psi 1, wato ma'aunin iskar taya da ake faɗin lambobin nan da shi. Tayar da ka ba 30 da safiyar hunturu, sanyi yana digiri 15, idan birki da kwana suka kai iskar cikinta digiri 70 za ka same ta a wajen 39, ba tare da kowa ya taɓa ta ba. A tuƙin gari, daga Samaru zuwa PZ, ƙarin ba ya wuce 2 ko 3. A fili kuwa 6 zuwa 8 ba abin mamaki ba ne, mota mai nauyi ma takan wuce haka.

To ka ga shawarar mai faci: 45 da sanyi za ta haura 50 da zafi. Tsakiyar taya ya turo, wurin da ke taɓa kwalta, wanda da ma bai fi tafin hannu ba, ya ƙara tsukewa. Zagaye uku ko huɗu sai ka ji motar tana santsi kamar an zuba mai a ƙasa, birki ya yi tsawo, gaban mota ya riƙa zarcewa a kwana. Lambar nan ta 44 ko 51 da masu faci ke karantawa a gefen taya iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba ita mai mota ya ce a sa ba. Ita kuma 25 ta abokinka, a tayar gida mai taushin gefe, matsalarta ta fi muni. Gefen taya yana lanƙwashewa a kwana har kafaɗarta ta kwanta a ƙasa, sitiyari ya yi nauyin amsawa, robar ta yi zafin da ya wuce kima, in kuma ka hau dakalin gefen hanya da ƙarfi rim na iya datse tayar ko bakinta ya saki.

Ga mota irin taka a kan tayar titi, nemi 34 zuwa 36 da zafi. Tayoyin da aka yi musamman don fili, masu ƙarancin zane, sun fi son 28 zuwa 32. In kamfanin tayarka ya ba da tasa lambar, ita ce gaba da tamu.

Kafin ranar, sayi geji naka na kanka, mai agogo ko mai lamba, wanda ke da maɓallin sako iska. Gejin nan mai kama da biro da ake gani a bakin titi, wanda sandarsa ta sha ƙura har lambobin sun goge, yakan yi kuskuren 3 ko 4, kuma geji biyu ba safai suke faɗin abu ɗaya ba. Wanda ka fara da shi da safe, shi za ka riƙe har yamma. Haɗa da ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota, da alli, da littafi da biro.

Da safe ka sa duka huɗun a kan 33 ɗin da ke jikin ƙofa, ka rubuta. Ana fita ne rukuni-rukuni, minti 15 zuwa 20. Zagaye biyun farko ka bi a hankali taya ta ɗumama, sannan ka ƙara wuta. Da ka shigo, kar ka tsaya hira ko shan ruwa: auna cikin minti ɗaya ko biyu, domin taya na fara hucewa nan take. Fara da wadda ta fi wahala. Filin da ake zagayawa ta hannun dama, kamar Silverstone a Ingila, yawancin kwanoninsa na dama ne, nauyi yana faɗawa kan tayoyin hagu. Wanda ake zagayawa ta hagu, kamar Yas Marina a Abu Dabi ko Kyalami a Afirka ta Kudu, na dama ne ke shan wuya. Golf kuma da gaba take ja, da gaba take juyawa, a gaba mafi yawan birki yake, don haka tayar gaba ta waje ce za ta fi kowace hawa. Ka yi hankali da hannunka, rim da faifan birki suna ƙuna. Kar kuma ka ja birkin hannu a lokacin, sa ta a giya, don takalmin birki yana iya mannewa a faifai mai zafi.

A ce ka samu gaba hagu 41, gaba dama 39, baya 37 da 36. Sako iskar kowace ta dawo 35, ka rubuta nawa ka cire. Fita ta biyu za su sake hawa kaɗan, tunda hannunka ya fara sakewa rana kuma ta ɗaga, sake saukewa. Yawanci a fita ta uku abin ya zauna.

Inda mutane ke ɓata aikin shi ne bayan hutun azahar. Motar ta huce, ka sa geji ka ga gaba hagu tana 28, dama 30, baya 32, sai hankalinka ya tashi ka ɗauko famfo. Bar su. Rashin daidaiton nan shi kake nema, da zafi za su haɗu a 35. Abin da za ka yi kawai shi ne ka lallaɓa zagaye biyun farko, ka kauce wa dakali, tunda gefen taya ya fi taushi a lokacin. Sai dai idan ɗaya ta faɗi ƙasa da 26, ko tana raguwa ita kaɗai, to duba bawul ko ƙusa. In ruwan sama ya sauko, taya ba za ta yi zafi ba, mayar da su lambar ƙofa.

Idan an tashi, jira taya ta huce ka cika duka su koma 33 kafin ka hau titi. Notocin wil ma ka duba su da sanyi, na Golf a kan 120 Nm ake ɗaure su.

Tambaya: Salam. Ta yaya zan gane lambar da na zaɓa ta dace da motata? Na ga ana amfani da wata na'urar auna zafi, ni kuwa ba ni da ita. Injiniya, Hanwa.

Amsa: Injiniya, allin makaranta ya isa a fara. Duba kafaɗar taya, inda zane ya ƙare gefe ya fara, za ka ga ƙananan alamomi, a tayoyi da yawa kamar kan kibiya. Ja layin alli mai kauri a wuri uku a kowace taya, daga kan zane ya gangaro gefe kamar tsawon ɗan yatsa. Fita ka dawo, gani ya kori ji. In allin ya goge har kan kibiyar ya tsaya, iska ta yi daidai. In ya goge ya wuce ta ya shiga gefe, tayar tana kwanciya, ƙara 2. In ko kusa da kafaɗa bai goge ba, rage 2. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Na'urar kuwa, mai allura da ake sokawa cikin roba ta fi mai haske, domin fatar taya tana hucewa kafin ka tsaya. Ana auna wuri uku a faɗin zane: ciki, tsakiya, waje. Tsakiya ya kamata ya faɗo tsakanin sauran biyun. Ciki digiri 80, tsakiya 76, waje 72, lafiya lau. Tsakiya ya fi duka zafi, iska ta yi yawa. Ya fi duka sanyi, ta yi kaɗan. In kuma waje ne ya fi ciki zafi sosai, kamar yadda aka saba gani a motocin gida, matsalar tsayuwar ƙafa ce, sai mai alaimen. Ƙara iska yana ɗan rufe ta ne kawai, kana rasa kamun ƙasa a madadin haka.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni direban haya ne, Zariya zuwa Kano, ina lodi a Kwangila. Da bazara idan na tsaya a hanya nakan sako iskar taya don kar ta fashe, kuma na ji masu tsere ma haka suke yi. Daidai ne? Direba, Sabon Gari.

Amsa: Malam direba, don Allah ka daina daga yau. Mai tsere yana sako iska ne a mota marar kaya, yana aunawa duk minti 20, da yamma kuma ya mayar. Kai kana ɗauke da fasinja da buhuna, kuma lambar da ke jikin ƙofarka an riga an yi lissafin hawan da za ta yi da zafi.

Abin da ya fi fasa taya a doguwar tafiya ƙarancin iska ne. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi, sau ɗaruruwa a minti ɗaya, wannan motsin ne ke dafa ta daga ciki har roba ta rabu da wayoyinta. Ka sako 5 a Kwanar Dangora, ta ƙara lanƙwasa, ta ƙara zafi, gobe da asuba kuma ka tashi da tayar da ke ƙasa da ƙa'ida da 5. A shekarar 2000 an janye miliyoyin tayoyin Firestone a Amurka bayan haɗurran motocin Ford Explorer, kuma ƙarancin iska da zafin gari suna cikin abubuwan da aka tattauna a kai. Daga nan ne aka yi dokar da ta wajabta fitilar gargaɗin iska a sababbin motocin can. Fitilar ma sai iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu take kamawa, ba madadin geji ba ce.

Auna da asuba kafin lodi, ko bayan mota ta yi awa uku a tsaye. Takardar ƙofa, ko ta murfin tanki a wasu motocin Jamus, tana da layi biyu, na mota wayam da na cikakken kaya; naka shi ne na biyu, kuma tayoyin baya sukan buƙaci ƙari sosai. In da ma'aunin bar aka rubuta, bar 1 psi 14.5 ne. Da hunturu kuma ka riƙa dubawa akai-akai, don tsakanin sanyin asuba da rana tsaka bambancin kan kai 2 zuwa 3.

Tambaya: An ce in sa wa motata naitirojin, wai ba ya hawa da zafi. Ya cancanci kuɗinsa? Hajiya, GRA.

Amsa: Hajiya, iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kuma shi ma yana buɗewa da zafi kamar kowace iska. Amfaninsa shi ne a bushe yake. Tankin injin mai faci yana tara ruwa, musamman da damina. In kika ga tiyo yana tofar da feshi kafin a ɗora shi a bawul, ruwan nan cikin tayarki zai shiga, kuma shi ke sa iska ta yi hawan da ba a iya lissafawa idan taya ta yi zafi sosai. Wannan damuwar masu tsere ce da masu jirgin sama. Ke dai ki sa mai facin ya buɗe mazubin ƙasan tanki ya zubar da ruwan, ya fesa iska a waje kaɗan kafin ya fara, ki kuma tabbata kowane bawul da murfinsa.

Tambaya: Zan iya shiga fili da tayar Beljiyam in zanenta yana da kyau? Mai sha'awa, Tudun Wada.

Amsa: Ɗan'uwa, zane ba ya faɗin shekaru. Nemi rubutun DOT a gefen taya, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara 5 robarta ta fara ƙeƙashewa, duk yadda ka daidaita iska ba za ta kama ƙasa kamar sabuwa ba, kuma ba mu ba da shawarar a kai ta fili. Duba harafin gudu da ke bayan lambar nauyi: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270. Da yawa daga tayoyin da ake shigowa da su na lokacin ƙanƙara ne, za ka ga hoton dutse mai ƙwayar ƙanƙara a ciki da ƙananan tsage-tsage a kan zane. Robarsu tana da taushi, a kwalta mai zafi gutsurewa take yi cikin 'yan zagaye. Sa a cire tayar daga rim ka leƙa cikinta. Faci kusa da kafaɗa, kumburi a gefe, ko garin roba baƙi a ciki, wanda ke nuna an taɓa tafiya da ita a sace, kowanne ɗaya ya isa ka mayar wa mai shago.