Tambaya da Amsa: Ta ina likita ke bi ya ƙware a binciken cututtukan zuciya da jijiyoyin jini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina shekarar ƙarshe a karatun likitanci, kuma ina son ƙwarewa a fatolojin zuciya da jijiyoyin jini, wato gano cuta ta hanyar binciken naman jiki. Shi ne aikin likitan zuciya? Wace hanya zan bi? (Ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ne. Likitan zuciya majinyaci yake dubawa. Mai fatoloji kuwa nama ake kawo masa: bawul (ƙofar da ke hana jini komawa baya a zuciya) da aka cire a tiyata, guntun jijiya, ko zuciyar mamaci.

Bayan shekarar sanin makamar aiki da ta hidimar ƙasa, za ki rubuta jarrabawar share fage ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma. Sai ki nemi gurbi a sashen fatolojin nama na wani asibitin koyarwa, kamar na Shika ko na Malam Aminu Kano. Horon kan ci shekara 5 zuwa 6, da jarrabawa kashi biyu da kundin bincike. Daga nan ake keɓewa ga zuciya. A Amurka galibi shekara ɗaya ce a cibiyar da ake tiyatar zuciya da dashenta.

A wannan shekarar hannu ake horarwa. Zuciyar namiji baligi gram 300 zuwa 350 ce, ta mace 250 zuwa 300, amma sai an wanke gudajin jini kafin a ɗora ta a sikeli. Kaurin bangon babban ɗakin hagu na zuciya bai cika wuce santimita 1.5 ba. Wajen awo, sabon shiga kan haɗa da tsokokin da suka turo ciki, sai ya rubuta wa lafiyayyar zuciya kauri. Jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ana yanka su a gicciye, tazarar milimita 3. Toshewar da ta cinye kashi 75 cikin 100 na ramin jijiya ita ce babba. Idan jijiyar ta ƙandare da ƙalsiyam, a fara narkar da shi, in ba haka ba wuƙa za ta murƙushe ta. Wani tarkon kuma: wanda toshewar jijiyar zuciya ta kashe cikin 'yan awanni, ido ba zai ga komai a tsokar ba, don sauyin launi sai bayan kamar awa 12.

Ga waɗanda aka yi wa dashen zuciya, ana tsinko ƙananan gutsattsari daga ɗakin dama na zuciyar, aƙalla uku masu kyau, a auna yadda jiki ke ƙin sabuwar zuciyar da mizanin da ƙungiyar masana dashen zuciya da huhu ta duniya ta fitar a 2004, daga 0R (babu ƙi) zuwa 3R (ƙi mai tsanani).

Shawarata, kada sunan cibiya ya ruɗe ki. Ki tambayi zuciya nawa ake yankawa a can kowace shekara. Wannan ne ma cikas ɗinmu a Arewa: muna gaggauta jana'iza, iyalai ba kasafai suke yarda da binciken gawa ba. Alhali ga abin nazari a ƙofarki, wato lalacewar bawul bayan ciwon maƙogwaron yara, da raunin zuciyar masu jego da aka yi nazarinsa a Zariya tun shekarun 1970.

Tambaya: Likita, a ƙaramin asibiti nake aiki. Yaya zan aika nama bai lalace ba? (Wani likita daga Gusau)

Amsa: Ɗan'uwa, jefa shi nan take cikin fomalin (ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa) mai ƙarfin kashi 10, ruwan ya ninka naman sau 10, a kwalba mai faɗin baki, don nama yana taurara ya ƙi fitowa. Kada a sa shi a firiza, ƙanƙara tana fasa ƙwayoyin halitta. Ka rubuta inda aka yanko shi da tarihin majinyacin. Idan kuma ana zargin ƙwayar cuta a bawul, a ware wani yanki a kai ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta ba tare da fomalin ba, domin yana kashe su.