Shuɗin faranti bai ishe ka shaida ba

Ka zo da murna kana cewa duk ɗigon bakteriyar da suka tsiro a farantinka sun yi shuɗi, kana tambaya ko hakan na nufin ƙwayar gadon da ka ciro daga Streptococcus thermophilus, ɗaya daga bakteriyar kindirmo, ta shiga cikinsu. Sannu da ƙoƙari, amma dakata tukuna.

Abin da kake nema shi ne enzayim ɗin da ke fasa sukarin madara, wato laktos, ya zama gulukos da galaktos. Shi ne dai wanda ƙwayoyin da ke mayar da madara kindirmo suke aiki da shi. X-gal da muke shafa wa faranti kama yake da laktos, in enzayim ɗin ya fasa shi sai shuɗi ya fito. Har nan daidai kake.

To, ina matsalar? Ka ɗauki filasmid pUC19, wato ƙaramin zoben DNA da ake ɗora wa ƙwayar gado, ka kuma zuba shi cikin bakteriyar E. coli nau'in DH5α. Wannan filasmid yana ɗauke da guntun lacZ, ƙwayar gadon E. coli da ke ba da irin wannan enzayim, ita kuma DH5α tana da ragowar. In suka haɗu sai su cika enzayim ɗin su kaɗai. Kenan ko filasmid ɗin ya sake liƙewa fanko, ba tare da naka ya shiga ba, shuɗi za ka gani. A aikin yau da kullum fararen ɗigo muke tsinta, domin abin da aka saka yana katse guntun lacZ, shuɗi ba ya fitowa. A naka aikin kuwa, tunda abin da ka saka shi ma enzayim ɗin yake bayarwa, na banza da na kirki launinsu ɗaya.

Gobe ka koma kan E. coli nau'in MC1061, wadda aka cire mata lacZ gaba ɗaya. Zuba mata filasmid ɗinka, ka ɗumama ta farat ɗaya da zafin digiri 42 na kamar daƙiƙa 45, ka shimfiɗa a farantin X-gal da ampicillin (maganin da ke kashe waɗanda filasmid bai shiga ba), ta kwana a 37. Ka ware faranti guda ka sa masa filasmid fanko. In shi ma ya yi shuɗi, ka zubar da duka.

Kada kuma ka sa gulukos. Tun aikin Jacques Monod, masanin kimiyya ɗan Faransa, aka san E. coli ba ta waiwayar laktos muddin tana samun gulukos, don haka mabuɗin lac, wanda ke kunna ƙwayar gadon, zai yi sanyi.

Duk ɗigon da ya yi shuɗi a can, ciro filasmid ɗinsa, ka yanka da EcoRI da HindIII, enzayim masu yanka DNA, ka kawo mini hoton jel ɗin da ke ware guntayen DNA in ga tsawon guntun da idona.