PCSX2 ta ce min babu BIOS, mai gyara kuma ya ce sai na kashe Defender

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah ina cikin damuwa ne. Ina da laftof HP ta hannu, Core i5, ram 8, Windows 10, yayana ya saya min saboda karatu kuma duk aikin furojet ɗina na ciki. Na sa PCSX2, manhajar da ke buga gem ɗin PS2 a kwamfuta, don in riƙa buga PES 6 da God of War irin yadda muke yi a gidan gem ɗin unguwarmu a Ƙofar Marusa muna yara. Ina buɗewa sai ta ce babu BIOS. Na kai ma wani mai gyara a kasuwa ya ce ai BIOS ɗin laftof ɗin ne ya tsufa sai an yi mashi filashin, naira 5,000, sannan ya zuba min wani fayil a filashi mai suna PS2 BIOS Installer ya ce in kashe Windows Defender, antibairas ɗin Windows, kafin in buɗe shi, wai Defender bai son gem. Ban buɗe ba har yanzu, gabana ke faɗuwa. Kuma a laftof ɗin abokina inda take aiki gem ɗin a hankali yake tafiya, muryar mai sharhin ƙwallo na ja kamar rediyon da batir ya yi ma sanyi. Mi zan yi Malam?

Wani ɗalibi daga Katsina

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan faɗuwar gaban ita ta cece ka, ka gode ma Allah. Kada ka buɗe fayil ɗin nan, kada ka kashe Defender, kuma kada ka bari kowa ya taɓa BIOS ɗin laftof ɗinka a kan maganar gem, ko kyauta ya ce zai yi maka balle har da 5,000.

BIOS ɗin da PCSX2 ke nema da BIOS ɗin laftof ɗinka takwarori ne kawai, ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Wanda take nema na cikin injin PS2 ne, shi ne ke nuna maka wancan hoton farko in ka kunna ta da wurin duba memori kad. In an kwafo shi fayil ne ɗan 4MB, sunanshi na kama da SCPH-39001 ko SCPH-70012, ƙarshenshi .bin. Ba a instolin ɗinshi, ajiye shi ake yi. Ka zuba shi a foldar da ake ce ma bios, ka shiga Settings ka je BIOS ka danna refresh ka zaɓe shi, magana ta ƙare. In bai fito ba to ko dai yana cikin zip ko 7z ba ka warware shi ba, ko kuma na PS1 aka ba ka, wanda shi 512KB ne, na DuckStation ne, manhajar buga gem ɗin PS1, ba na nan ba. Masu PCSX2 ba su haɗo shi da manhajar ba saboda kayan Sony ne, hanyar da suka yarda da ita ita ce ka ciro shi daga PS2 ɗinka, kuma a shafinsu sun yi bayanin yadda ake yi. PS2 slim kuwa ga su nan jibge a tsofaffin gidajen gem ƙura na cin su.

Shi kuma filashin da mai gyaran ke magana, rubutu ne a kan wani ɗan cif da ke kan bod ɗin laftof. In aka sa fayil ɗin da ba na modal ɗinka ba, ko batir ya mutu ana tsaka da yi, ka san dai yadda wutarmu take, to laftof ba ta ƙara kawo ko haske sai an ɓalle ta an sake rubuta cif ɗin da na'ura. Kuma ko an yi lafiya an gama lafiya, ka koma gida ka buɗe PCSX2, abin da ta ce maka da safe shi za ta maimaita.

To yanzu bari in zo kan abin da ke ƙona min rai, don wallahi ba a sati ban ji wannan magana ta "kashe Defender" ba. Ni ban san wanda ya fara yaɗa ta a garin nan ba amma ta zama kamar karatun allo, yaro ɗan sakandare ma ya haddace ta. A zuba maka gem a filashi, a ce ka kashe antibairas. A turo a guruf ɗin WhatsApp, a ce ka kashe antibairas. Kai mai gadinka ya tare mutum a bakin ƙofa ya ce bai yarda da shi ba, sai shi baƙon ya ce maka ka sallami mai gadin tukuna sannan ya shigo, kuma ka sallame shi? Haba.

Ka riƙe wannan da kyau: gem ɗin PS2 ba manhajar Windows ba ce. Hoton faifai ne. Ƙarshen sunanshi .iso ne, ko .chd, ko .cso, ko .bin da ɗan uwanshi .cue. BIOS ma na faɗa maka .bin ne. Emuleta, wato manhaja irin PCSX2, ita kaɗai ke karanta su, Windows ba ta kunna su, shi ya sa Defender bai da wani dalilin yin faɗa da su. Duk ranar da ka ga gem ɗin PS2 ko BIOS ya zo da .exe, ko .msi, ko .scr, ko .bat, to ba gem ba ne, wani abu ne ya sa rigar gem. Kuma Windows da kanta tana taimaka masu, don tun daga kamfani a ɓoye take barin ƙarshen sunan fayil, sai ka ga an rubuta PES6.iso alhali cikakken sunan PES6.iso.exe ne. Ka buɗe File Explorer ka je View ka sa alama a File name extensions, yau ɗin nan, sannan ka sake duba abin da mutumin ya zuba maka, za ka ba ni labari.

Sai ƙanensu, wato "highly compressed". Wai God of War a 10MB. Faifan DVD na PS2 yana ɗaukar 4.7GB, God of War II ma a faifai mai hawa biyu ya fito wanda ke kai 8.5GB. Ta ina buhun gero zai shiga aljihun riga? Eh ana matse gem, mayar da shi .chd na rage nauyi sosai a wasu gem ɗin, amma ba daga giga bakwai zuwa girman hoton biki ba. Na san tsadar data ce ke kai yara can, ban ce ba su da uzuri ba, amma da wannan tsadar ake kama su. In kuma ka ga zip ɗin na da faswod an rubuta maka shi a gefe, 1234 ko makamancin haka, ba don tsaronka aka sa ba, an kulle ne don antibairas ta kasa leƙa cikin.

Mi ke ciki? Wani yana kwashe duk faswod ɗin da ka ajiye a Chrome cikin daƙiƙoƙi, har da abin da ke riƙe da shigarka Facebook da Gmail, kai ba ka ga komai ba sai bayan kwana biyu 'yan uwa su fara kiranka suna tambaya lafiya kake neman rancen kuɗi. Wani yana zama ya riƙa haƙar kirifto da firosesarka, fanka na ihu dare da rana, kai kuma kana zagin emuleta wai ita ke da nauyi. Mafi muni shi ne mai kulle fayil. Akwai wanda ake ce ma STOP ko Djvu, ta irin waɗannan kayan kirak ɗin ya fi yaɗuwa, yana sauya ƙarshen sunan duk takardunka da hotunanka ya bar maka wasiƙa mai suna _readme.txt yana neman kuɗin fansa, a da dala 980 yake cewa, wai in ka yi sauri 490. Na taɓa zama da wani yaro a shagona, saura 'yan kwanaki ya kai babi na huɗu wajen sufabaizansa, ga fayil ɗin muna gani amma ba ya buɗuwa, ba shi da kwafi ko'ina. Ƙato da gemu ya zauna yana hawaye. Shi ma abin da aka ce mashi kenan, kashe Defender minti biyu ne.

Kuma fa ban ce duk masu gyaran nan mugaye ba ne. Da yawansu su ma ba su san abin da ke cikin filashinsu ba, a wani bidiyon YouTube suka gani suka kwafa, kwamfutar shagon kanta ta kamu tun bara, duk filashin da ya shiga sai ya fito da tsaraba. Abin da ke ba ni haushi shi ne ƙarfin halin, mutum bai san bambancin BIOS biyu ba amma ya yanke kuɗi ya kuma ba da fatawa. Cewa ban sani ba ba ta rage ma kowa daraja a kasuwa. Wani zai ce ai Malam antibairas na kuskure. Tana yi, ban musa ba. Amma shuɗin allon nan da ke cewa Windows protected your PC a kan sabuwar manhajar da ka sauko da ita daga shafin masu ita daban, Defender ta kama fayil ta kira shi Trojan daban. Kuma emuletoci irin PCSX2, DuckStation, Dolphin, PPSSPP duk akwai su kyauta a shafukansu, ban taɓa ganin ɗayansu ta ce a kashe tsaro ba. Wadda ta ce ka cike fom ɗin tambayoyi ko ka sa lambar waya kafin ka sauke, irin PCSX4 da ake tallatawa wai ta PS4, ƙarya ce tsagwaronta.

Kai da ba ka buɗe ba, ka yi ma filashin sikanin ka goge fayil ɗin, sannan ka ɗora furojet ɗinka a Google Drive kafin ka kwanta. Wanda kuma ya riga ya buɗe irinshi yana karanta wannan, ya cire intanet, ya kunna Defender ya yi Offline scan, ya canza faswod ɗinshi ta waya ba ta wannan kwamfutar ba.

Maganar laftof ɗin abokinka kuma, sautin ba shi da laifi, gem ɗin ne bai kai gudunshi ba sai murya ta bi shi. Ya duba Speed a saman sikirin, in bai kai 100% ba shi ne. Kada ya tsorata in ya ga 50 a maimakon 60, gem ɗin da lambarshi ta fara da SLES na Turai ne, PAL, a 50 yake tafiya, SLUS na Amurka ne ke 60, kuma ga raunanniyar kwamfuta na Turan ya fi sauƙin ja. Abu na farko ya jona caja, don a batir firosesa rage ƙarfi take, ya sa Power mode a Best performance. Ya sauke ta daga kan katifa. Zafin Katsina a watan Afrilu da ƙurar hunturu da ta toshe fanka sun isa su sa gem ya fara lafiya bayan minti goma ya koma rarrafe, in haka yake yi to a buɗe a hure a canza man firosesa, wannan kam aikin mai gyara ne na gaskiya. A cikin Graphics ya mayar da Internal Resolution zuwa Native, ya gwada Vulkan, in Intel ɗin ta girmi ƙarni na 6 ya bar ta a Direct3D 11. In da saura ya rage EE Cycle Rate zuwa 75% a saitin wannan gem ɗin kaɗai. Ƙarin ram daga 8 zuwa 16 ba ya ƙara gudu a nan, sai dai in sandar ram ɗaya ce a ciki aka yi mata ta biyu, wannan na taimaka ma girafik ɗin Intel. PES 6 ba ta da nauyi sosai, God of War kuwa sai injin kirki, in ta ƙi ya koma PPSSPP ya buga na PSP, ita ko BIOS ba ta nema.

Wasu ƙananan abubuwa da za ka ci karo da su. In gem ya tsaya a baƙin sikirin, duba girman iso ɗin, filashi mai FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4GB, dole exFAT ko NTFS. In hoto ya rikice danna F9 ta koma Software, in ya gyaru to saitin girafik ne ko direba. In ta ce babu VCRUNTIME140.dll ka sauko da Visual C++ daga Microsoft, kada ka je shafukan da ke raba dll ɗaya ɗaya, can ma tarko ne. Ka kuma rabu da tsohuwar PCSX2 1.4 da 1.6 da ke yawo a filashin mutane, tun Yulin 2024 aka saki 2.0, ba ruwanka da wahalar fulogin, hannun gem ma Automatic Mapping kawai za ka danna, sai dai irin na kasuwa mai biyu a USB ɗaya wani lokaci sai ka jera maɓallan da kanka. Kuma kada ka dogara da F1 wajen sebin, sabunta emuleta na iya sa sebin ɗin F1 ya ƙi buɗuwa, ka riƙa sebin a cikin gem ɗin kan memori kad ɗin 8MB da take ƙirƙira, kana kwafe foldar memcards lokaci lokaci, kar Master League ɗin wata uku ya tafi a banza.

Core i5 kaɗai bai gaya min komai ba, i5-3320M ta 2012 da i5-8250U ta 2017 duk i5 ake ce masu. Ka shiga Settings, System, About, ka turo min cikakken sunan firosesar taka da ta abokin naka, sai in faɗa maka wadda za ta ja God of War a cikinsu.