Amsa ga mai tambaya a kan kalmar nahiubos da yadda ake saɓa wa mutum a harshen Bisaya

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce wata uku ke nan da zuwanka karatu birnin Sebu na ƙasar Filifins, kuma tun ranar da ka gyara wa abokin karatunka kuskure a gaban jama'a ya rage yi maka magana, da ka bincika aka ce maka "nahiubos siya nimo". Kana son sanin ma'anar wannan magana, da kuma yadda za ka riƙa nuna rashin amincewa ba tare da ka ɓata da mutane ba. Na yi shekara shida a garin, kuma na faɗa irin ramin da ka faɗa.

Harshen da littattafai ke kira Sebuwano, masu shi Bisaya suke ce masa, kuma shi ake yi a Sebu da Bohol da gabashin tsibirin Negros da yawancin Mindanao har zuwa Dabawo. Kada ka dogara da harshen Tagalog da ka tsinta a Manila, domin kalmar suko a can miƙa wuya take nufi, a Sebu kuwa fushi ce.

Kalmomin fushin fili ba su ne za su ba ka wahala ba. Nasuko shi ne ya yi fushi, naglagot shi ne ya ji haushi, gisapot kuma shi ne wanda ya tashi da baƙin rai yana neman wanda zai huce a kansa. Waɗannan duka a fuska ake ganinsu, kuma sukan wuce da wuri. Abin da ya same ka daban ne. Nahiubos ta fito ne daga ubos, wato ƙasa, don haka wanda ya nahiubos mutum ne da yake ganin an ƙasƙantar da shi, kuma wanda ya yi masa hakan mutum ne da bai zaci haka daga gare shi ba. Baƙon da ya taka ka a kasuwa haushi zai ba ka, amma sai wanda ka ɗauka naka ne zai sa ka nahiubos. Saboda haka maganar da aka gaya maka tana ɗauke da albishir a ciki, domin ta nuna yaron ya ɗauke ka aboki tun farko.

Ni a hannun matar da nake haya a gidanta na koyi kalmar. Wata rana an yi biki a gidan, ta aiko mini da faranti cike da lechon, gasasshen aladen da Sebu ta yi suna da shi. Na dubi yarinyar da ta kawo na ce "dili", wato a'a, na rufe ƙofa, ina ganin na yi abin da addini ya ce kuma na yi shi da harshensu. Kwana goma matar nan ba ta ɗaga ido ta dube ni ba, alhali kullum ita ce ke fara gaishe ni. Ba ta zage ni ba, ba ta ƙara kuɗin haya ba, shiru kawai ta yi, kuma shirun nan yana da sunansa: nangluod. Shi ne janye jiki da ɗaure fuska irin na wanda yake jira a zo a rarrashe shi. Wani maƙwabci ne ya fahimtar da ni cewa ƙin cin naman bai dame ta ba, abin da ya ƙona mata rai shi ne an mayar mata da kyauta a gaban baƙinta ba tare da godiya ko bayani ba. Na sayo mangwaro a kasuwar Karbon, na same ta ita kaɗai, na ce "pasayloa ko, Nang", wato ki yafe mini, Inna, sannan na bayyana mata dalilina. Daga ranar ta ware tukunya guda da ba ta taɓa saka alade a ciki, tana dafa mini kifi da ita.

Abin da na gane daga baya shi ne Bahaushe bai kamata ya sha wuya a wannan fage ba, matuƙar ya daina auna kalmomin da Turanci ya koma auna su da Hausa. Ulaw ita ce kunya, kuma walay ulaw, marar kunya, zagi ne mai nauyi a can kamar yadda yake a gida. Wanda aka tozarta a bainar jama'a an ce gipakaulawan, kuma ina kyautata zaton haka abokinka yake kallon abin da ya faru a aji. Amma kalmar da ta fi burge ni ita ce ikog. Idan mutum ya ce "naikog ko nimo", yana nufin yana jin nauyinka, ba ya son ya ɗora maka wahala ko ya ƙi maka abu kai tsaye. Wannan ita ce kara da muka sani, babu ragi babu ƙari. Ikog ce ke sa ka gayyaci mutum ya ce "tan-awon lang", wato za a duba, ko "sunod na lang", wato sai wani karon, ko ya ce abin lisod ne, wato da wuya. Duk Bahaushen da ya taɓa jin "sai na yi shawara" daga bakin dattijo ya san an riga an ba shi amsa.

Game da saɓani kuwa, uyon ita ce amincewa, supak ita ce adawa, lalis ita ce gardama, away kuma faɗa ne sosai. Kana iya cewa "dili ko uyon", ban yarda ba, kuma nahawunka daidai ne, sai dai da wuya ka ji ɗan gari ya faɗa wa na gaba da shi haka tsirara. Sukan lulluɓe maganar da ƙananan kalmomi irin su murag, wato kamar dai, da basin ko siguro, wato wataƙila. "Murag dili man siguro" tana nufin a'a ɗin nan dai, amma ta bar wa mutum ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Idan za ka faɗi abu mai ɗaci, ka fara da "ayaw kalain ha", wato kada ka ji babu daɗi. Ka kuma lura cewa Bisaya ba shi da po da opo na ladabi irin na Tagalog, don haka girmamawa tana cikin sunan da ka kira mutum da shi, Nong ko Nang ga manya, Kuya ko Ate ga wanda ya ɗan girme ka, Dong da Day ga yara, Bay ga tsaranka, sannan tana cikin sautin murya. Mu 'yan Najeriya muna hira da ƙarfi, har sau da yawa ina tsakiyar labari mai daɗi za a tambaye ni "nasuko ka?", wato fushi kake yi?

Ko hukuma ta san da wannan ɗabi'a ta fifita sulhu. Tun 1978 doka ta kafa tsarin sasanci a matakin barangay, wato unguwa, inda ake kai yawancin ƙananan rigingimun maƙwabta gaban kapitan, wato shugaban unguwar, da kwamitinsa a yi husay, wato sulhu, kafin a tafi kotu, kusan yadda ake zama a zauren mai unguwa.

Shawarata a kan abokinka ita ce kada ka tare shi a cikin mutane kana tambayarsa laifin da ka yi, domin zai ce maka "wala man", babu komai, kuma ikog ce za ta sa shi faɗin haka. Ka same shi shi kaɗai, ka gayyace shi cin abinci, ka ce "pasensya na, Bay, wala nako tuyoa", wato ka yi haƙuri, ba da gangan na yi ba. Ba sai ka janye gyaran da ka yi ba idan gaskiya ne, wurin da ka yi shi ne kawai za ka nemi afuwa a kansa. Idan ya fara tsokanarka da wasa yana cewa "binuang ra", wato raha ce kawai, to an wuce wurin.