Gudawa ta tsaya, amma fitsarin Hajiya ya ragu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kin ce ta yi kwana biyar tana gudawa har da jini, yanzu ta tsaya, sai dai fitsari ya ragu kuma ƙafa ta ɗan tasa, ko gajiyar ciwo ce? Don Allah kada ku kwana da ita a gida.

Haka muka yi da Babanmu a Gwammaja, yana da shekara 74. Atuni ya kama shi, muka karɓo magani a kemis, har da na tsayar da gudawa da kuma diclofenac, maganin ciwon jiki. Kwana shida muka ce ya warke. Ni na fara lura butarsa tana nan cike tun asuba har la'asar, takalmin da yake zuwa masallaci da shi kuma ya ƙi shiga. Da daddare ya fara kiran yayana da sunan ƙaninsa da ya rasu.

A asibiti aka auna creatinine, wato wani datti a cikin jini da ke taruwa idan ƙoda ba ta aiki yadda ya kamata, ya hau sosai. Likita ya ce gudawa tana zuƙe ruwan jiki, jini ya daina isar ƙoda yadda ya kamata, ga ƙodar tsoho dama ta sha aiki. Kin san kuma tsofaffinmu, sai su ƙi shan ruwa wai kada a yi ta zaryar bayi ana sake alwala. Diclofenac ɗin da muka ba shi ya ƙara wa ƙodar nauyi, haka ma maganin hawan jininsa. Ya ce akwai kuma ƙwayoyin cuta irin su Shigella da wani nau'in E. coli masu fitar da dafi, dafin ya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ya toshe ƙananan jijiyoyin ƙoda. Wannan yakan bayyana kamar mako guda da fara gudawar, lokacin da kowa ya saki jiki.

Baba sai da aka yi masa wankin ƙoda sau uku kafin fitsari ya dawo. Ƙodarsa ta farfaɗo, amma kuɗin da muka kashe, hmm.

Ku tafi Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala yau ɗin nan. Ki tattara duk magungunanta a leda, har jiƙo idan an ba ta, ki nuna wa likita, ki kuma faɗa masa sau nawa ta yi fitsari daga jiya zuwa yanzu. Tunda ƙafa ta fara kumbura, kada ku ɗura mata ruwa barkatai, su za su auna abin da jikinta zai ɗauka.