Likita na amsa tambayoyinku: gangamau da ciwon sikila

Tambaya: Likita, ni AS ce, wanda zan aura ma AS ne. An ce idan ɗan fari ya zo da sikila, sauran sun tsira. (Daga Marwa)

Amsa: Ba haka ba ne, ƙanwata. Kowane ciki lissafinsa daban, ɗaya cikin huɗu ne zai iya zuwa da SS. Ku je asibiti tare kafin a sa rana.

Tambaya: Ɗana mai shekara 9 yana da sikila, ana yawan ƙara masa jini. Na ga bidiyo a WhatsApp cewa bincike ya nuna gangamau yana wanke jinin masu talasemiya. Na sayi ƙwayoyin gangamau, na ajiye maganin asibiti don ya yi mini tsada. Na yi daidai? (Wata uwa daga Garwa)

Amsa: Hajiya, mayar da shi kan maganinsa yau ɗin nan, sannan ki karanta sauran.

Talasemiya ciwon gado ce kamar sikila, sai dai mai tsananinta ta fi yawa a ƙasashen Bahar Rum da Asiya. Abin da ya haɗa su shi ne ƙwayoyin jini na saurin mutuwa, sai a yi ta ƙarin jini. Kowace ledar jini tana shigo da sinadarin ƙarfe kusan miligiram 200, jiki kuwa ba shi da hanyar zubar da shi. Sai ya taru a hanta da zuciya yana cin su, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi bayan damina.

Gangamau, wanda a Injamaina ake kira kurkum, yana da wani sinadari mai suna kurkumin. Gaskiya ne an gwada shi a kan masu talasemiya a Tailan da Iran, aka ga alamun wannan tsatsar sun ragu a gwajin jini. Amma mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma ba a ce su daina maganin asibiti ba. Wannan ne mai bidiyon ya ɓoye miki. Hanji ma ɗan kaɗan yake tsotsa daga kurkumin, shi ya sa masu ƙwayoyin ke haɗa shi da masoro, irin wannan haɗin kuwa ya taɓa hantar mutane a Italiya a 2019. Hantar yaronki tana fama da ƙarfe, za a ƙara mata wani nauyi?

Na san sefa ta yi wuya. Ki faɗa wa likitansa gaskiya, ku duba abin da za a iya. Kar ki ba shi maganin ƙarin jini na kanti mai ƙarfe. In ya yi zazzaɓi, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya yi fari fat, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne.

Tambaya: To a daina sa gangamau a miya ke nan? (Daga Ngaundere)

Amsa: A'a, Malam, a ci miya lafiya.

Tambaya: Idon 'yata mai sikila ya yi ɗorawa. Kakarta ta ce shawara ce, a kai ta wurin wanzami ya yi mata tsaga. (Daga Kusiri)

Amsa: Subhanallah! Yarinyar da jininta bai ishe ta ba, ita za a zubar wa jini? A ba Iya haƙuri, a kai yarinya asibiti a auna jininta yau.