Me ya haɗa likitan ciki da ƙiba?

Ɗan'uwa, ka ce ƙwannafi ya kai ka asibiti, amma likitan ciki ya tsaya kan nauyinka har ya tura ka hoton hanta. Ba ya kauce hanya ba ne.

Tumbi yana danne ciki, sai ruwan tsami ya riƙa hawowa maƙogwaro, musamman in an kwanta bayan tuwon dare. Abin da ya fi damun likitocin ciki kuwa hanta ce. Kitse kan taru a cikinta shiru, ba ciwo ba alama, a wasu ya kai ga kumburi, daga nan ta taurare. Shi ya sa suke kallon ƙiba a matsayin cuta mai buƙatar bibiya, ba raggwanci ba.

Ba cewa zai yi ka koma siriri ba. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka kan sauƙaƙa kumburin hanta. Fara da barin lemon kwalba da shayi mai sukari.

Idan abinci da tafiya sun gaza, akwai allura irin semaglutide, sai dai tsada, kuma nauyin kan dawo in an daina. Akwai balan-balan da ake zurawa ciki na kimanin wata 6 don a riƙa ƙoshi da wuri, ko tiyatar rage ciki.

Shayin rage ƙiba na kasuwa kuwa, bar shi. Ramewa da gaggawa ma tana kawo tsakuwa a matsarmama.